Harsashin da Baturen Ingila ke cizo

Idan Baturen Ingila ko Ba'amurke ya ga babu makawa sai ya yi abin da ransa bai so, kamar biyan kuɗin gyaran mota mai tsada ko zuwa a cire masa haƙori, sai ka ji ya ce bari ya "ciji harsashi". 'Yan siyasarsu ma sun riƙe maganar kam. Duk ministan da zai ƙara haraji sai ya roƙi talakawa su ciji harsashi, shi kuwa haƙoransa lafiya lau.

Ka tambayi asalin maganar, amsa ɗaya za a ba ka: wai kafin a gano maganin sa barci, likitan soja kan sa wa mai rauni harsashi a baki sannan ya yanke masa ƙafa. Ni da na yi shekaru ina miƙa wa likitoci almakashi a ɗakin tiyata, labarin nan bai taɓa kwanta mini ba. Mutum yana kwance rigingine, yana kururuwa, yana zuƙar numfashi da ƙarfi, sannan ka jefa masa dunƙulen dalma a baki? Ai kafin zarto ya taɓa ƙashi ya shaƙe. Mai hankali tsumma ko guntun fata zai ba shi.

Tiyatar wancan zamani, sauri ne jarinta. Robert Liston na Landan ya yi suna ne saboda yakan raba mutum da ƙafarsa cikin ƙasa da minti ɗaya, ƙarti na danne da majinyaci, ɗalibai na duba agogo. Ran 16 ga Oktoba 1846, a birnin Boston, wani likitan haƙori, William Morton, ya shaƙa wa majinyaci sinadarin eta, aka cire masa ƙari a wuya yana barci. A Disamba Liston ya gwada a Landan. A 1847 James Simpson ya fito da kulorofom a Edinbara. Ko da yaƙin basasar Amurka ya ɓarke a 1861, galibin waɗanda aka yanke wa hannu ko ƙafa sai da aka sa su barci. Harsasai masu shatar haƙora da ake tonowa a filayen yaƙin kuwa, masu binciken kayan tarihi sun nuna da yawansu aladu ne suka tattauna su.

A bariki ya kamata a nemi maganar. Sojan Ingila na ƙarni na 18 da bulala ake tafiyar da shi. A tuɓe wa mai laifi riga, a ɗaure shi jikin māsu uku da aka kafa, a jera 'yan'uwansa su kalla, makaɗan ganga su riƙa tsula masa bulala mai harshe tara suna karɓa-karɓa, wani lokaci ɗari-ɗari. Likita na tsaye a gefe, aikinsa ya faɗi ko jikin zai iya ɗaukar saura. Francis Grose, wanda ya tattara zaurancen 'yan tasha da sojoji cikin wani ƙamus a ƙarshen ƙarnin, ya ce a wasu rundunoni abin kunya ne soja ya yi kuka a ƙarƙashin bulala. Wanda ya yi, sai a laƙaba masa sunan wani tsuntsu mai waƙa. Don gudun wannan gori ne soja kan tauna harsashi. A tsaye yake, kansa a sunkuye, harsashi dama yana da shi a jakarsa, dalma kuma tana da taushin da haƙori zai nutse ciki. Wanda ya taɓa ganin saurayin Bafulatani a filin sharo ya san irin wannan cijewa.

A 1846 ɗin nan dai, wani soja, Frederick White, ya mutu a barikin Hounslow bayan an yi masa bulala 150. Jama'a suka yi ca a kan hukuma, aka rage hukuncin zuwa 50, amma sai 1881 aka hana shi a rundunar. Shekara goma bayan haka Rudyard Kipling ya sa maganar a bakin wani cikin littafinsa, kuma a wurin babu bulala, babu wuƙar likita: aboki ne kawai ke ce wa abokinsa da makanta ta kama ya daure.