Aikin Gayya a Kudancin Kano

Gayya, wato aikin da jama'a ke taruwa su yi wa mutum ko gari ba tare da biya ba, ta daɗe tana tallafar noman damina a Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, inda mai gona kan raba goro ya gayyato samari, su jeru da garemani, mai gangar noma na zuga su, mata na kawo fura bakin gona. Bayan kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, noman rani ya bunƙasa, ƙwadago, wato aikin kuɗi, ya riƙa maye gurbinta, har ta fi komawa ga gyaran maƙabartu, masallatai da hanyoyin ƙauye.