Giya da abinci a al'adar mutanen Beljiyam

A watan Nuwamban 2016 ne hukumar raya ilimi da kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNESCO, ta sanya al'adar giya ta ƙasar Beljiyam cikin jerin al'adun gargajiya na duniya da suka cancanci a adana su.

An yanke wannan shawara ce a wani taro da aka yi a Addis Ababa, inda hukumar ta ce ana yin nau'in giya kusan 1,500 a ƙasar.

Ga al'ummar Musulmi, waɗanda addininsu ya haramta barasa, abin zai iya zama da mamaki. To amma a Beljiyam giya ta wuce abin sha kawai. Ana dafa nama da ita, ana wanke cuku da ita, kuma a wasu gidajen cin abinci kowane irin girki yana da giyar da ake kawo shi da ita.

Giya mai tsami

Nau'in da ya fi jan hankalin masu ɗanɗano shi ne lambic, wanda ake yi a Brussels da yankin Pajottenland da ke kudu maso yammacin birnin.

Galibin masu yin giya a duniya suna zuba yis ne da aka tanada musamman, su kuma rufe tukwanensu ruf. Masu lambic kuwa akasin haka suke yi.

Bayan sun dafa tsiron sha'ir da ɗanyen alkama, sai su juye ruwan a wani faffaɗan kasko, su bar shi a buɗe ya kwana, domin ƙwayoyin halittar da ke yawo cikin iska su faɗa ciki.

Daga nan sai a ɗura shi a gangunan katako, inda zai tsima na tsawon shekara ɗaya zuwa uku. Abin da ke fitowa giya ce mai tsami sosai, kuma da wuya ganga biyu su yi ɗanɗano iri ɗaya.

Idan aka gauraya sabuwa da tsohuwa, ana kiranta gueuze. Idan kuma aka jiƙa 'ya'yan itacen ceri masu tsami a ciki har ta yi ja, sunanta kriek.

Ba a yin wannan aiki sai lokacin sanyi, daga wajejen Oktoba zuwa Afrilu, domin da zafi ƙwayoyin da ba a so su ne ke rinjaye. Wannan ne ma ya sa ɗumamar yanayi ta zama abin damuwa ga masu sana'ar. A ƙarshen 2015 kamfanin Cantillon, wanda aka kafa a 1900, ya dakatar da aiki na wani ɗan lokaci saboda dare ba ya yin sanyin da ake buƙata.

Bambanci da Jamus

Maƙwabciyarta Jamus ta bi wata hanya dabam. Wata doka da aka kafa a yankin Bavaria a 1516 ta taƙaita kayan haɗa giya ga ruwa da sha'ir da furen wani tsiro mai ɗaci da ake kira hop.

Beljiyam ba ta taɓa ɗaure kanta da irin wannan doka ba, saboda haka masu sana'ar suka ci gaba da zuba kayan ƙamshi da 'ya'yan itace da sukari yadda suka ga dama.

Farar giyar garin Hoegaarden, alal misali, ana sa mata ɓawon lemo da ƙwayar koriyanda. Ta ɓace a 1957 lokacin da aka rufe gidan ƙarshe da ke yin ta, sai a 1966 wani mai sayar da madara, Pierre Celis, ya farfaɗo da ita.

Wanda ya fi kowa tallata waɗannan nau'o'i a waje shi ne wani marubuci ɗan Ingila, Michael Jackson, ba mawaƙin nan na Amurka ba, wanda littafinsa na 1977 ya ja hankalin ƙananan masu yin giya a Amurka.

Haɗawa da abinci

Ƙa'idar da masu ɗanɗano ke bi ba ta da wuyar ganewa. Abinci mai nauyi ana haɗa shi da giya mai ƙarfi, mara nauyi kuma da mai sauƙi, don kada ɗaya ya danne ɗaya.

Tsami da ɗaci suna yanke maiƙo, kamar yadda lemon tsami ke yi wa soyayyen kifi. Shi ya sa ake kawo gueuze tare da cuku ko abincin teku, kriek kuma da cakulan.

Fitaccen girkin ƙasar, carbonnade, naman shanu ne da albasa da ake dafawa a hankali cikin baƙar giya har ya yi laushi. Akwai kuma zomo da ake dafawa da gueuze ko kriek.

Kiristoci masu zaman zuhudu a Chimay suna yin giya tun 1862, sannan suka fara yin cuku a 1876, kuma akwai cukunsu da ake wanke bayansa da giyar.

Wannan batu ne da ya kamata matafiyi Musulmi ya lura da shi, domin sunan girki ba ya nuna abin da ke cikinsa, kuma bincike ya tabbatar cewa dafuwa ba ta ƙone barasa baki ɗaya.

Haka ma giyar da ake rubuta wa "mara barasa". A ƙasashen Turai da dama doka ta yarda a sa mata wannan suna ko da tana ɗauke da barasa har rabin kashi ɗaya cikin ɗari.

Manya da ƙanana

A shekarar 1900 akwai gidajen yin giya fiye da 3,000 a Beljiyam. Yaƙe-yaƙen duniya biyu da gogayyar manyan kamfanoni suka durƙusar da mafi yawansu, har adadin ya koma ƙasa da 150 a ƙarshen ƙarnin. A farkon shekarun 2020 ya sake haura 400.

A birnin Leuven na ƙasar ne kuma hedkwatar AB InBev take, kamfanin giya mafi girma a duniya, wanda ya mallaki Hoegaarden.

Masu sukar lamiri na cewa wasu manyan kamfanoni kan ƙara zaƙi da ruwan 'ya'yan itace a giya su kira ta kriek, alhali ta gargajiya tsami gare ta.

Ta fuskar lafiya kuwa, reshen Turai na Hukumar Lafiya ta Duniya ya bayyana a watan Janairun 2023 cewa babu wani adadin barasa da za a ce shan sa ba shi da illa ga jikin ɗan Adam.