Gidan Makama: Gidan Da Ya Ga Jiya Ya Ga Yau

Mai karatu, in ka taɓa bi ta Ƙofar Kudu a birnin Kano, babu shakka idonka ya taɓa sauka kan wani tsohon ginin ƙasa mai zankwaye da ke kusa da fadar Sarki. Da yawanmu wucewa kawai muke yi, alhali nan ne Gidan Makama, gidan da ya haura shekara 500 a tsaye.

Masana tarihi sun ce an gina shi ne domin Muhammadu Rumfa tun yana riƙe da sarautar Makama, kafin ya hau gadon mulki a 1463. Da ya zama Sarki sai ya gina sabuwar fada, wato Gidan Rumfa, ya kuma kafa Kasuwar Kurmi. A wannan kasuwa ne ayarin raƙuma daga Arewacin Afirka da Agadas ke sauke gishiri da tufafi, fatake su kawo goro daga Gwanja, a saye baƙin rini da jemammiyar fatar Kano a yi gaba. Ashe ka ga ciniki ne ya riƙe sarauta, sarauta kuma ta tsare wa ciniki hanya.

A watan Fabrairu na 1903 sojojin Ingila suka ci Kano, lokacin Sarki Alu ya tafi Sakkwato. Turawan ba su da ofis, sai suka fara gudanar da mulki daga wannan gida. Soron da aka saba faɗuwa a gaida Makama, ya koma wurin Bature da tafinta. Daga baya aka kasa gidan uku: makarantar firamare, da wurin zama, da gidan tarihi, inda ake ajiye sulke da lifidi da bindigogi da kayan ɗakin amaryar da.

To, abin lura shi ne, ginin tubali da azara ba ya rayuwa da suna. Kowace damina sai ta ci rabonta, in ba a yi yaɓe ba sai katanga ta zube. Haɓe sun yaɓe shi, Fulani sun yaɓe shi bayan jihadi, Turawa ma ba su bar shi ya faɗi ba. Wanda ya ga yadda aka cinye badalar Kano da gine-gine ya san abin da sakaci ke haifarwa. Yanzu yaɓen ya zo kanmu. Allah Ya sa kada ya rushe a hannunmu, amin.