Abinci da yanayin jiki: koyarwar Indiyawa da abin da muka gada

Yawancinmu a fim muka san ƙasar Indiya, ko kuma a bakin waɗanda suka je can neman magani. Amma Indiyawa suna da wani tsohon ilimin lafiya da suke kira Ayurbeda, ma'ana ilimin rayuwa. Manyan littattafansa, irin na Caraka da na Sushruta, sun kai kimanin shekara dubu biyu. Har yau ana karantar da shi a makarantunsu, kuma a 2014 gwamnatin Indiya ta kafa ma'aikata ta musamman domin magungunan gargajiya. Wannan shafi zai bayyana muku abin da ilimin nan ya ce game da abinci, da inda ya yi kama da namu, da inda ya kamata ku yi hattara.

Masu Ayurbeda sun ce abubuwa uku ne ke tafiyar da jikin mutum. A harshensu sunayensu Bata, Pitta da Kafa, amma domin sauƙi za mu kira su iska, wuta da laima. Kowa yana da dukkan ukun, sai dai ɗaya ko biyu sukan rinjaya tun daga cikin uwa. Mai jikin iska siriri ne, fatarsa busasshiya, yana saurin jin sanyi, barcinsa ba nauyi, kuma cikinsa kan ɗaure. Shi ana ba shi abinci mai ɗumi da maiƙo da romo. Mai jikin wuta yana da saurin jin yunwa da gumi da fushi, kuma ƙwannafi na damunsa. Shi kuwa ana hana shi yawan barkono da tsami da gishiri. Mai jikin laima kakkaura ne, mai haƙuri, mai nauyin barci da yawan majina. Shawararsu gare shi ita ce ya rage zaƙi da mai da madara, ya ƙara ganye da kayan yaji. Dokar dai guda ce: abin da ya yi yawa a jiki, ana rage shi da kishiyarsa.

Wannan magana ba baƙuwa ba ce a kunnen Bahaushe. Mu ma muna raba abinci zuwa mai zafi da mai sanyi, ba tare da mun taɓa tukunya ba. Citta da kanumfari da masoro da kimba masu zafi ne. Tsamiya da nono ana ɗaukarsu masu sanyaya jiki. Idan hunturu ya kama a Yamai, daga Disamba zuwa Fabrairu, za ku ga an ƙara yaji a kunu da shayi. Idan bazara ta yi tsanani a Afrilu da Mayu, zafi ya haura digiri 40, sai hankali ya koma kan fura da nono da zoɓo. Malamanmu kuma sun gaji wani tsari mai kama da na Indiyawa daga likitocin Musulunci irin su Ibn Sina, wanda ya kammala littafinsa Alƙanun a 1025. Su ɗabi'u huɗu suka lissafa: jini, majina, safara'u da sauda'u. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, shi ma ya yi rubuce-rubuce kan magani, har da na basur. Akwai ma wata shawara da Caraka ya bayar wadda kuka sani a hadisi, wato a raba ciki uku, kada a cika shi fal da abinci.

To, ina gaskiyar take? Binciken likitocin zamani bai tabbatar da cewa mutane sun kasu gida uku ko huɗu, kowane da abincinsa ba. Abin da ya tabbata shi ne mutane sun bambanta. Wani in ya sha madara cikinsa ya yi ta kuka, wani barkono kaɗan ke tayar masa da ƙwannafi. Lura da jikinku abu ne mai kyau, kuma a nan magabata sun yi daidai. Amma abin da ya fi yanke hukunci kan abincin mutum shi ne shekarunsa, aikinsa, juna biyu ko shayarwa, da cutar da aka auna aka gani. Mai ciwon suga da mai hawan jini ba a gane su da kallon jiki. Siriri ma yana kamuwa da su. Sai an je asibiti an yi awo.

Matsala tana faruwa ne idan maganar zafi da sanyi ta hana mutum abin da jikinsa ke bukata, ko ta ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Ku dubi mai jego. Domin a kore mata sanyi, akan ba ta kunun kanwa kullum, ga wankan ruwan zafi har kwana arba'in ko fiye. Niyyar mai kyau ce. Sai dai kanwa 'yar'uwar gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, tana ƙara wa zuciya aiki. A shekarun 1970 likitoci a Zariya sun danganta yawan kanwa da zafin nan da ciwon zuciya na bayan haihuwa, kuma likitocin babban asibitin Yamai sun yi nazarin wannan ciwo a shekarun 1980. Idan mai jego ta fara kumburin ƙafa, ko haki, ko ta kasa kwanciya sai a zaune, kada a ce sanyi ne a ƙara mata kanwa. A kai ta asibiti a ranar. Kunun gyaɗa, wake, nama, kifi da dambun zogale sun fi mata amfani.

Haka batun yara. Wasu gidaje na hana jariri dakashi, wato nonon farko mai kauri, alhali shi ne kariyarsa ta farko. Daga haihuwa zuwa wata 6 nonon uwa kaɗai ya ishe shi, ko a tsakiyar bazara. Bayan nan ƙwai da wake da ganye duk abincinsa ne, ko wane irin jiki gare shi. Yaro mai zawo kuma ba a rage masa ruwa ko abinci. Ana ba shi ruwan gishiri da suga na fakiti, a ci gaba da shayarwa.

Sai kuma magungunan kwalba da na gari masu hoton ganye, waɗanda za ku iya gani a kasuwa ko a hannun 'yan talla. Kasancewar abu daga Indiya ko daga itace bai sa ya zama marar illa ba. A 2004 masu bincike a birnin Boston na Amurka sun auna magungunan Ayurbeda iri 70, suka sami gubar ƙarfe, irin su dalma, a cikin 14. Dalma tana lalata ƙwaƙwalwar yaro, kuma tana cutar da abin da ke ciki. Saboda haka mai juna biyu da ƙananan yara su nisanci duk maganin da ba a san abin da ke cikinsa ba. Wanda ke shan maganin suga ko na hawan jini kuma kada ya ajiye shi domin wani ya ce masa jikinsa na wuta ne ko na iska. Idan kuna shan wani jiƙo ko gari, ku ɗauke shi ku tafi da shi ranar awo, ku nuna wa ma'aikacin lafiya.