Yadda Tafkin Vostok Ya Zama Madubin Tekunan Sararin Samaniya

A shekarun 1959 da 1964, masanin ƙasa ɗan Tarayyar Sobiyet, Andrey Kapitsa, ya auna kaurin ƙanƙara a kusa da tashar Vostok da ke tsakiyar nahiyar Antaktika. A wannan zamanin ne wasu masana suka fara zargin cewa zafin da ke tasowa daga cikin ƙasa, haɗe da nauyin ƙanƙarar, na iya narkar da gindinta. Binciken rada daga jirgin sama a shekarun 1970 ya ƙarfafa zargin, sai a 1996 aka tabbatar: akwai tafki mai tsawon kilomita kusan 250 kwance ƙarƙashin ƙanƙara mai kaurin kusan kilomita 4.

Su kuma masu nazarin sararin samaniya suna can suna bin tasu hanyar. Hotunan kumbon Voyager na 1979 sun nuna watan Europa, wanda ke kewaya duniyar Jupiter, lulluɓe da ƙanƙara mai tsage-tsage. Kumbon Galileo, da ya isa can a 1995, ya auna maganaɗisun wurin, ya samo alamar teku mai gishiri a ƙarƙashinta. A 2005 kumbon Cassini ya hango ruwa yana tsartuwa daga Enceladus, watan duniyar Saturn.

Nan hanyoyin biyu suka haɗu, domin tambayar ɗaya ce: shin rai zai iya wanzuwa a ruwan da hasken rana bai taɓa shi ba? Sai dai akwai bambanci. Tekunan watannin suna samun ɗuminsu ne daga jan da manyan duniyoyin ke yi musu, suna matse su suna saki, kuma sun fi tafkunan Antaktika zurfi nesa ba kusa ba.

Rashawa sun huda zuwa tafkin Vostok a Fabrairun 2012, amma kananzir ɗin da ke cikin ramin ya gurɓata ruwan da suka ɗebo. A 2013 Amurkawa suka huda zuwa Whillans, wani tafkin ƙarƙashin ƙanƙarar Antaktika, da tsaftataccen ruwan zafi, suka tarar da ƙananan halittu masu rai. Abin da ya faru a Vostok darasi ne mai tsada: wanda ya shiga da dattinsa ba zai san abin da ya tarar ba.

Kumbon Europa Clipper, da aka harba a Oktoban 2024 ɗauke da rada mai ratsa ƙanƙara, zai isa Jupiter a 2030.