Malamin da ya tuhumi taswirar ƙasarsu

Yawancinmu a unguwar nan, abin da muka sani game da Tailan bai wuce buhun shinkafa ba. To, ga labarin wani ɗan ƙasar, Farfesa Thongchai Winichakul.

Yana ɗalibi a Jami'ar Thammasat da ke Bankok, ranar 6 ga Oktoban 1976, 'yan sanda da 'yan banga suka afka wa ɗalibai masu zanga-zanga, aka kashe sama da mutum 40. Shi kuwa aka tsare shi kusan shekara 2. Da ya fito sai ya rungumi tarihi, ya yi digirin digirgir a Sidni, ya koyar a Wisconsin ta Amurka.

Littafinsa na 1994, Siam Mapped, ya taɓo inda ke yi wa masu mulki ƙaiƙayi. A makaranta ana koya wa yara cewa Faransa da Ingila sun yanke wa Siyam ƙasa. Shi ya ce a da babu iyaka mai layi. Ƙaramin sarki kan kai gaisuwa ga manyan sarakuna biyu ko uku lokaci guda. Da taswira ta zo, Bankok ma ta shiga wawason, ta haɗiye na kusa da ita.

Kisan 1976 kuwa, ya fitar da littafi a kansa a 2020.