Injin Mota a Cikin Babur Ɗin Ruwa: Tarihin Wani Tsohon Kwaɗayi

A YouTube akwai wani rukunin makanikai da suka mayar da abu ɗaya sana'a: su samo babur ɗin ruwa, wanda aka fi sani da Jet Ski, su cire injinsa, su yanka cikinsa, su cusa injin mota mai silinda takwas. Mai kallo zai ɗauka sabuwar hauka ce ta zamanin neman mabiya. Al'adar ta girmi intanet da shekaru masu yawa, kuma shi kansa babur ɗin ruwan jikanta ne.

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya gwamnatin Amurka ta wayi gari da dubban injinan jirgin sama ƙirar Liberty, masu silinda 12 da ƙarfin doki 400, ba ta da abin yi da su, sai ta riƙa sayar da su da araha. Daga 1920 zuwa 1933 kuma aka haramta giya a ƙasar. 'Yan fasa-ƙwauri suka sayi injinan nan suka dasa a ƙananan jiragen katako domin su tsere wa masu gadin gaɓar teku. Masu tsere ma ba a bar su a baya ba. A 1932 Gar Wood ya jera injinan Packard guda huɗu a jirginsa Miss America X, ya yi gudun da ya ɗan haura kilomita 200 a awa a kusa da Detroit.

Injin jirgin sama na masu kuɗi ne da masu laifi. Abin da ya sauko da ƙarfi hannun talaka shi ne injin mota, saboda ana ƙera shi da miliyoyi, kayan gyaransa kuma suna kowane lungu. A 1955 Chevrolet ta fitar da ƙaramin V8 ɗinta, kafin shekarun 1950 su ƙare kamfanin Chris-Craft ya fara sa shi a jiragensa. A 1959 Volvo Penta ta nuna Aquamatic a birnin New York: injin mota a cikin jirgi, farfela a waje. MerCruiser ya biyo baya a 1961. Har yau yawancin jiragen shaƙatawa masu inji a ciki, in ka ɗaga murfi, asalin injin na mota ne.

Tailan ta bi tata hanyar, kuma a ganina ta fi kowa wayo. Masu jiragen kogin Chao Phraya da magudanan Bankok sukan ɗauki injin mota ko na a-kori-kura sukutum, su ɗora shi a kan maƙalli mai juyawa a bayan jirgi, su haɗa masa dogon ƙarfe mai farfela a ƙarshe. Matuƙi injin gaba ɗaya yake juyawa in zai karya kwana. Injin yana sarari, iska na dukansa, makaniki na ganin komai. Wanda ya kalli fim ɗin James Bond na 1974, The Man with the Golden Gun, ya ga irinsu.

Amma zuriyar babur ɗin ruwa daga wata gonar tumaki ta fito a tsibirin kudu na New Zealand. Bill Hamilton yana so ya hau kogunan yankinsu masu duwatsu da ƙarancin zurfi, inda farfela ba ta kwana lafiya. A 1954 ya haɗa famfo da ƙaramin injin motar Ford: famfon ya zuƙi ruwa ta ƙarƙashin jirgi ya feso shi ta baya da ƙarfi, jirgin ya yi gaba. Da ya ɗaga bakin feshin sama da fuskar ruwa sai gudu ya ƙaru, kuma babu sauran abin da ke leƙowa ƙasa balle dutse ya karya. A 1960 jiragen da ke da famfonsa suka haura kogin Colorado ta cikin Grand Canyon, suna fuskantar igiyar ruwa. A 1977 Edmund Hillary ya haura kogin Ganges da irinsu. Mutanen Kalifoniya kuwa suka ɗauki dabarar suka haɗa ta da manyan injinan Oldsmobile masu lita 7.5, New Zealand ta ƙirƙiro tseren jetsprint, inda ƙaramin jirgi mai cin mutum biyu ke ɗauke da V8.

Clayton Jacobson II, wani mai son tseren babur, shi ya rage abin ya koma na mutum ɗaya. Kamfanin Bombardier na Kanada ya fitar da Sea-Doo na farko a 1968 da ɗan injin Rotax mai ƙarfin doki 18. Bai karɓu ba, aka dakatar da shi bayan shekara biyu. Kawasaki ta karɓi tunanin Jacobson ta fitar da Jet Ski a farkon shekarun 1970, Yamaha ta zo da WaveRunner a 1986, Sea-Doo ya dawo a 1988. Duka injinansu ƙanana ne masu bugu biyu, masu ƙona fetur haɗe da baƙin mai. Ƙazantar da suke zubarwa ta sa aka hana irinsu a tafkin Tahoe a 1999. Da kamfanonin suka koma inji mai bugu huɗu, wurin babura suka je aro: Yamaha FX140 na 2002 daga injin babur ɗin R1 aka samo shi. Babu wanda ya waiwayi V8.

Dalilin yana cikin lissafi. Ƙarfin da famfo ke sha yana tafiya ne da saurin juyawarsa sau kansa sau uku: ka ninka juyi biyu, sai ya nemi ƙarfi ninki takwas. Famfon babur ɗin ruwa ƙarami ne, faɗinsa wajen milimita 155 zuwa 160, an tsara shi ya yi juyi kusan 8,000 a minti. Injin V8 na mota kuwa a wajen 6,000 yake ƙurewa. Famfon da ke shan ƙarfin doki 300 a juyi 8,000, in ka tsayar da shi a 6,000, abin da zai sha bai kai 130 ba. Wato ka kawo injin LS1, wanda General Motors ta fara sawa a Corvette a 1997 da ƙarfin doki 345, ka haɗa shi kai tsaye, fiye da rabin ƙarfinsa zai zauna banza. Dole a ƙara giyar da za ta ɗaga juyin, ko a sauya fiffiken famfon, ko a sa babban famfo na jirgi. In an matsa wa ƙaramin famfo fiye da kima, ruwan da ke bakinsa sai ya koma kumfa, injin ya yi ta ihu jirgi bai ƙara komai ba, kumfar kuma tana cin ƙarfen.

Mu masu rubuta manhaja mun san irin wannan ciwon. Ka sayi uwar garke mai tsada, amma layin da ke fitar da bayanai siriri ne, sai ta zauna tana jira.

Sai nauyi. Babban babur ɗin ruwa na zamani gaba ɗayansa kilo 350 ne zuwa 500. V8 mai gangar baƙin ƙarfe, irin na a-kori-kura da ake samu da araha a wurin 'yan gwangwan a Amurka, shi kaɗai ya haura kilo 200, ga tsayi. Jirgin sai ya nutse ƙasa kaɗan, nauyinsa ya koma sama, ya riƙa neman kifewa a kwana. Babur ɗin ruwa an ƙera shi ne da sanin zai kife, mahayi ya juyo shi ya tayar. Injin mota bai san wannan ba: baƙin mansa a kasko yake a ƙasa, in aka juya shi man ya bi inda bai kamata ba.

Aikin kansa ma daban ne. Mota a kan titi ɗan kaɗan take ci daga ƙarfin injinta, tana sauya giya, tana hutawa a gangara. A ruwa babu gangara. Injin kamar mai hawan dutse ne da kaya, daga tashi har tsayawa. Babu iskar da za ta bi ta lagireto, sai a jawo ruwan tafki ko na teku ya sanyaya shi, gishiri kuma ya shiga aikinsa na tsatsa. Salansa dole a zagaye ta da ruwa, in ba haka ba ta narka jikin jirgin, kuma in aka yi kuskuren tsari injin kan zuƙo ruwan nan ya koma cikin silinda. Ruwa ba ya matsuwa, sai sandar fistin ta lanƙwashe.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne wuta. Tururin fetur ya fi iska nauyi. A mota yana zubewa ƙasa iska ta kwashe. A cikin rufaffen jirgi taruwa yake yi a ƙasa yana jiran tartsatsi ɗaya. Shi ya sa sitata da na'urar cajin batir na jiragen ruwa a rufe suke yadda tartsatsi ba zai fita ba, kuma a Amurka ake umartar masu jirgi mai injin fetur a ciki su kunna fankar fitar da tururi na minti huɗu kafin su tayar. Mai dasa injin bola da kayan wutarsa na mota, a kan wannan ramin yake zaune, ƙafa ɗaya kowane gefe. Ga shi babur ɗin ruwa da feshinsa yake juyawa: ka saki totur don tsoro, sitiyari ya daina aiki. Birki ma sai a 2009 Sea-Doo ya fara sawa.

Abin dariyar shi ne kamfanonin sun riga sun kai inda masu yanka ke nema. Kawasaki Ultra 310 lita ɗaya da rabi ne kawai, amma da na'urar cusa iska yana ba da ƙarfin doki 310. Waɗanda ake sayarwa a Amurka an taƙaita gudunsu a wajen kilomita 105 a awa, bisa fahimtar juna tsakanin masu ƙerawa da hukumar gadin gaɓar teku, kuma kwamfutar injin ce ke riƙe da linzamin. Don haka masu neman gudu na gaskiya ba su taɓa injin walda ba: kwamfuta suke jonawa su sake rubuta manhajar, su sauya fiffiken famfo, su ƙara iska. Mai V8 yakan kwashe watanni yana yanka da liƙi, a ƙarshe wani yaro da injin kamfani da aka taɓa wa manhaja ya wuce shi a tafki. Abin da ya rage masa shi ne rugugin silinda takwas, wanda ake ji tun daga gaɓa, da kuma masu ɗaga waya suna ɗauka.